Rijiyar sadaka da sunan mijin 'yar'uwa: yadda aikin masu bohol na Sakkwato yake

Bayan sadakar bakwai, in an naɗe tabarmi an mayar da kujerun haya, maganar da ke tasowa tsakanin dangin matar mamaci kusan ɗaya ce: bawan Allahn nan ya riƙe 'yar'uwarmu da mutunci, ya ɗauke mu tamkar ƙannensa na ciki ɗaya, me za mu yi masa? Mijin yaya ko mijin ƙanwa irin wannan, wanda in tsohuwa ta kwanta asibiti shi ake fara gani da kwanon abinci, wanda ba a taɓa kawo ƙararsa gida ba, rashinsa ba ya tsayawa kan matarsa da 'ya'yansa kaɗai. A Sakkwato amsar da aka fi bayarwa ita ce ruwa. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya ga layin jarkoki a Mabera ko Arkilla cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kuma abin yana da asali: da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu, ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ta fi, aka ce masa shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya da sunanta.

Saboda haka masu haƙar rijiyar burtsatse a garin nan suka fito da tsari na dunƙule: ka biya kuɗi ɗaya, su haƙa, su sa sumo (injin da ake zurawa cikin rijiya yana turo ruwa sama), su kafa tanki da farantan sola, su ja kawunan famfo, su liƙa allo mai sunan mamaci, su turo maka bidiyo a waya. Wannan tsarin ne muke dubawa a nan. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne aiki ne mai kyau da ya cancanci kuɗinsa, kuma da yawa daga cikin masu yin sa sun san hannunsu. Inda ake samun matsala shi ne abin da ke shiga ƙarƙashin ƙasa, wanda bidiyo ba ya nunawa, da kuma abin da ke biyo baya in an shekara.

Kafin a kira mai inji, a fara zama kan kuɗin. Dukiyar mamaci tana da tsarinta: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya cikin sulusi, sannan a raba gado. Matarsa tana da sumuni in ya bar 'ya'ya. In bai yi wasiyyar rijiya ba, babu mai ikon ɗibar kuɗin daga tsakiyar dukiya da sunan yi masa sadaka. Baligi daga cikin magada yana iya bayarwa daga rabonsa da yardar ransa, amma rabon maraya ƙarami ba a yin kyauta da shi, ko da waliyyinsa ne ya so. Wannan ya sa rijiyar da surukai da abokai suka haɗa kuɗinta daga aljihunsu ta fi kowace tsabta. Kuma a duba gidan tukuna. In kuɗin haya ya kusa ƙarewa, ko yara uku za a kora daga makaranta a zango mai zuwa, to wannan ya riga rijiya. Mai kwangila ba zai gaya maka haka ba, domin ba aikinsa ba ne. Aikin ɗan'uwan matar ne.

Sai wurin da za a haƙa. Yawancin iyalai sun fi son jikin katangar gidan mamacin, don yaransa su riƙa gani. Tunani ne mai kyau, amma gidan yanzu na magada ne, kuma wata rana za a raba shi ko a sayar. Wanda ya saya yana iya zagaye rijiyar da katanga ya ce cikin filinsa take. Maganin wannan takarda ce: a rubuta waƙafin ɗan wurin da rijiya da tanki suke, da faɗinsa da tsawonsa, mai unguwa da liman da shaidu biyu su sa hannu. In filin ya shafi rabon yara ƙanana, gara a koma filin masallaci ko makarantar allo da ke kusa, a ja bututu zuwa gidan. Akwai Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ga mai neman shawara kan yadda ake rubuta irin wannan takarda. A kuma kiyaye tazara daga masai da sokawe, mita 30 ake so. A tsofaffin unguwanni irin su Kanwuri da Ƙofar Rini, inda gida ke manne da gida, samun wannan tazara yana da wuya, shi ya sa toshiyar siminti da za mu ambata a gaba ta zama dole a can.

A tuna kuma matar tana takaba, wata 4 da kwana 10, ko har ta haihu in tana da ciki. Aikin haƙa yana kawo maza kusan goma, da ƙarar inji tun safe, da laka mai malala har ƙofar zaure. Ƙungiyar da ta san mutunci takan tambayi inda za a ajiye kaya da inda ma'aikata za su yi alwala, ba tare da sun leƙa cikin gida ba. A nemi shawararta ta bakin ɗan'uwanta ko wata babba, domin ita ta san ta wane ɓangare ruwa zai fi yi mata sauƙi. In ba gaggawa, a bari ta fita takaba.

Yanzu ga ƙasar Sakkwato kanta, wadda ita ke yanke rabin hukuncin. Garin yana kan shimfiɗun ƙasa hawa-hawa. A sama akwai marmara da jar ƙasa, sai farin dutsen nan da ake yin siminti da shi a Kalambaina. Ƙarƙashinsa akwai yumɓu mai kauri wanda ruwa ba ya ratsawa, sannan can ƙasa a sami yashi mai laushi da ke riƙe da ruwa mai yawa. Farin dutsen yana da ruwansa, kuma shi tsofaffin rijiyoyin guga da yawa ke sha. Sai dai ruwan yana da nauyi, sabulu ba ya kumfa sosai da shi, yana barin farin ɓawo a buta, yana ja baya da bazara, kuma da yake babu abin da ya rufe shi daga sama, ƙazantar masai tana iya kaiwa gare shi. Ruwan da ke ƙarƙashin yumɓun ya fi aminci daga ƙazanta kuma ya fi ɗorewa, amma sai an ƙara zurfi, kuma a wurare da dama yana zuwa da tsatsa. A fadamar Rima kuwa ruwa yana kusa ƙwarai, shi ya sa masu noman rani ke samunsa da ɗan bututu. Wannan ruwan ban-ruwa ne, kada a auna farashin rijiyar sha da shi.

A nan ne araha ke shigowa. Mai kwangilar da ya karɓi kuɗi a dunƙule, duk mitar da bai haƙa ba riba ce gare shi. Da ruwan farko ya ɓullo za ka ji ya ce, "Alhaji, ruwan ga ya isa, mi za a ƙara nema?" In da damina ne ko kaka, ruwan zai yi ta zuba har a yi murna a ɗauki hoto. Watan Afrilu na zuwa sumo ya fara shan iska. Saboda haka mun fi ganin a yi ciniki kan mita, a rubuta kuɗin kowace mita da kesin ɗinta, wato bututun da ke riƙe ramin, kuma a haƙa a ƙarshen rani, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da ruwan ƙasa ya kai iyakar ja da bayansa. Rijiyar da ta ba da ruwa a watan Mayu za ta ba da shi duk shekara. A kuma biya mai awon ƙasa don gano inda ruwa yake daban, wanda ba yaron mai injin ba ne, sannan a tambayi maƙwabta biyu ko uku masu bohol zurfin nasu da yadda yake yi da bazara. Wannan tambayar kyauta ce, kuma sau da yawa ta fi takardar awon faɗin gaskiya.

Ranar haƙa a sami mutum ɗaya daga dangi ya zauna daga farko har ƙarshe. Za a tona ramuka biyu a gefe a dama laka, inji yana tura ta ciki tana fito da abin da aka haƙo. Ma'aikacin kirki yana ɗibar abin da ke fitowa duk bayan mita ɗaya ko biyu, ya jera shi tuli-tuli a ƙasa kamar mai tallan gyaɗa: ga ja, ga fari mai ɓarɓashi, ga toka-toka mai danƙo, ga yashi. Daga wannan jerin ake sanin inda za a sa bututu mai tsaga-tsaga da ruwa ke shiga ta cikinsa. Ƙungiyar da ba ta jera wannan ba, da ka take aiki. Wani abin da ke faruwa a farin dutsen shi ne lakar ta ɓace gaba ɗaya, domin dutsen yana da kogo da tsaguwa. In haka ta faru ana buƙatar ƙarin tankar ruwa da ƙarin garin laka, kuma nan rigima kan tashi kan wanda zai biya. A rubuta shi tun farko. Haka ma maganar ramin da bai ba da ruwa ba: a san wa zai ɗauki asarar, ko a raba ta yaya, kafin inji ya fara haƙa.

Kesin shi ne bututun roba mai kauri da ke riƙe ramin. A ƙidaya shi da hannu kafin ya shiga, a auna tsawon guda ɗaya, a ninka. In an ce mita 90 aka haƙa kuma kowane bututu mita 3 ne, to guda 30 za ka gani. A duba kaurinsa, domin akwai masu sa bututun magudanar ruwa mai laushi, wanda yumɓu ke matsewa ya lanƙwasa bayan shekara ɗaya ko biyu, sumo ya maƙale a ciki, a rasa rijiya a rasa sumo. Faɗin inci 5 ya fi inci 4 kwanciyar hankali, domin sumo yana shiga yana fita ba gogayya. Bayan kesin sai tsakuwa. Yashin da ke ƙasan Sakkwato mai laushi ne ƙwarai, don haka tsakuwar da za a zuba a kewayen bututun dole ta zama ƙanana, kamar ƙwayar dawa ko gero, wankakka kuma tatacciya. Mun sha jin an ce tsakuwa duk tsakuwa ce, ana nufin ragowar ta gini. Da irin wannan yashi ke bi ya shiga, ya cinye cikin sumo cikin 'yan watanni, a riƙa ganinsa kwance a gindin bokiti.

Daga sama kuma, mita 5 ko 6 na farko a cika kewayen kesin da siminti zalla, a bar bakinsa ya ɗago sama da ƙasa, a yi masa dakali da murfi mai kwaɗo. Wannan toshiyar ce ke hana ruwan kwata da na damina gangarawa ta gefen bututu zuwa ruwan sha. Ita ce aka fi tsallakewa, domin da an rufe da ƙasa babu mai gani. In zurfin ya wuce farin dutsen, a tabbata an toshe tsakaninsa da ruwan ƙasa, in ba haka ba an haɗa mai kyau da marar kyau.

Abu biyu ne muke ganin tsarin dunƙulen ya fi gazawa a kansu. Na farko wanke rijiya. Lakar da aka yi haƙa da ita tana liƙe a jikin ramin, sai an busa iska da kwampireso na awanni har ruwa ya fito garau ba yashi. Wasu suna yin rabin awa su naɗe kaya saboda tsadar gas. Na biyu gwajin ƙarfin ruwa. A auna inda ruwa ya tsaya kafin a kunna, a ja ruwa awa 6 ko fiye ba tsayawa, ana auna yadda yake sauka, ana ƙidaya daƙiƙa nawa jarka mai lita 25 ke cika, sannan a kashe a ga minti nawa zai koma inda yake. In jarkar tana cika cikin minti ɗaya, rijiyar tana ba da lita 1,500 a awa. Sai da wannan lissafin ake zaɓar sumo. Wanda ya sayo sumo tun kafin a haƙa, ko dai ya sayo babba da zai zuƙe rijiyar ya ƙone, ko ƙarami da zai zama rijiya ta bayar guga ya hana.

Ga misalin lissafi. Gida 40, kowane da mutum 8, kowa lita 20 a rana, lita 6,400 ke nan. Rana mai ƙarfi da sola ke aiki da ita sosai kamar awa 6 ce, don haka ana son kusan lita 1,100 a awa. In ruwan yana sauka zuwa mita 60 lokacin ja, tanki kuma yana sama da mita 6, sumo mai ƙarfin doki ɗaya, wato wat 750, zai yi, da farantan da jimlarsu ta kai wat 1,000 zuwa 1,200. Ƙarin nan kan ƙarfin sumo ba almubazzaranci ba ne: farantin sola yana rage ƙarfi in ya yi zafi, ƙurar hunturu ma tana rage shi. A fuskantar da farantan kudu, a ɗan kishingiɗa su kamar digiri 13 zuwa 15, a walde firam ɗinsu saboda ɓarayi, amma a bar tsani da za a hau a goge su duk mako. Tsarin da ba batir ya fi dacewa da rijiyar sadaka, tankin shi ne ma'ajiya. A tabbata kwantirola, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa wa sumo, tana da na'urar da ke kashe sumo in ruwa ya yi ƙasa, da wadda ke kashe shi in tanki ya cika. A rataye sumo da igiya mai ƙarfi, sama da bututu mai tsagar, kada ya zauna a gindin rami. Mahaɗar wayar da ke cikin ruwa a yi ta da kayan haɗi na musamman. Salatif ɗin lantarki ba ya hana ruwa shiga, kuma da yawan sumon da ake cewa ya ƙone, wannan mahaɗar ce kawai ta jiƙe.

Tanki mai lita 5,000 in ya cika nauyinsa tan 5 ne. A gaya wa mai walda wannan adadin da baki, a ga kaurin ƙarfen da zai sa, a zuba wa ƙafafun kankare, a shimfiɗa wa gindin tankin faranti ko katako mai kauri ba rata. Yara ne ke taruwa a ƙarƙashinsa. Baƙin tanki ya fi, don gansakuka ba ta tsirowa a ciki, sai dai da bazara ruwansa kan yi zafi har ba ya shayuwa da rana, don haka a yi masa 'yar rumfa.

Kafin a ce wa jama'a bismilla, a zuba sinadarin kulorin a rijiyar ya kwana, a ja a zubar har warin ya tafi, sannan a kai ruwan ɗakin gwaji. Abu uku za a tambaya: ƙwayoyin cutar bayan gida, waɗanda ba a son ko ɗaya, sinadarin naitiret, wanda bai kamata ya wuce miligiram 50 a lita ba, domin yana cutar da jarirai kuma tafasawa ba ta cire shi, sai ƙarfe. Na ƙarfen ko a gida ana ganewa. A cika farin bokiti a bar shi ya kwana, in da safe ya koma ja-ja da kwanciyar tsatsa, to akwai shi. Ba ya kisa, amma yana ɓata fararen kaya, yana baƙanta shayi, kuma mata suna guje wa irin wannan famfo su koma wa ɗan ga-ruwa. Ana rage shi ta hanyar watsa ruwan ya sha iska kafin ya bi ta durom mai yashi da tsakuwa. Masu tsarin dunƙule ba su cika sa wannan cikin farashi ba sai an tambaya.

Biya kashi uku ya fi: kafin alƙalami, sai bayan gwajin ruwa, sai ragowar bayan rijiya ta yi wata ɗaya tana aiki. A karɓi takarda mai ɗauke da zurfi, inda bututu mai tsaga yake, inda sumo ya tsaya, ƙarfinsa, da rasit ɗinsa. A ba matar mamacin kwafi ɗaya ta ajiye tare da takardun gida, domin mai gyaran da zai zo bayan shekara biyar da ita zai yi aiki.

Wanda kuɗinsa bai kai sola ba, famfon tuƙa-tuƙa ba abin rainawa ba ne. Irin su India Mark II da Afridev suna jan ruwa daga zurfin da ya kai mita 45 zuwa 50, ba ruwansu da ɓarawon faranti, kuma robobinsu masu araha ne. In ruwan mai tsatsa ne a sa masa bututun roba da sandar da ba ta tsatsa. Akwai kuma hanyar da muke ganin an yi sakaci da ita: gyaran matacciyar rijiya. Unguwanni da ƙauyukan Wamakko da Kware da Dange ba su rasa bohol da ya tsaya saboda sumo ko kwantirola kawai. Da ɗan abin da bai kai kuɗin sabuwar haƙa ba ana tayar da shi, kuma ruwan da za a sha ladansa yana isa ga mamaci kamar na sabuwa.

Allon suna, a yi shi ƙarami, da sunansa da roƙon a sa shi cikin addu'a. Kada a rubuta aya a inda ruwan wanki ke fallatsa.

Abin da ke kashe rijiyar sadaka a hankali shi ne rashin mai ita. Kan famfo ne ke fara lalacewa, ƙarami ne amma in ya kwana yana zuba tanki ya ƙare. Sai dakali ya tsage, kwata ta taru, sauro ya samu gida. A naɗa mutum ɗaya mai riƙe makulli, kuma in babban ɗan mamacin ya tasa, shi ya fi dacewa ya riƙa goge farantan tare da kawunsa. A yanke maganar 'yan ga-ruwa tun ranar farko: gidaje su ɗiba kyauta, mai kura da zai sayar ya jefa wani abu ƙayyadadde a asusun gyara, a rubuta haka cikin takardar waƙafin. Bututun da ke shiga gidan marayun a cire shi kai tsaye daga gindin tanki da nasa makunnin daban, yadda ko layi ya yi tsawo a waje, randar cikin gida za ta cika ba sai an tura yarinya da bokiti ba.